Gado a cikin waya, yara a kan turɓaya

Da zarar gero ya shiga rumbu a ƙasar Tasawa, hidima biyu ke tasowa tare: komawar yara lakwal a watan Oktoba, da bukukuwan aure da ke biyo bayan kaka. Aljihu ɗaya suke ci, kuma duk malamin da ya taɓa kiran suna a aji ya san wadda ke cinye rabon ƴar uwarta. Wannan tsohon zance ne. Sabon abu shi ne wani ɗan kasuwa da ya shigo tsakani, wanda ba shi da rumfa a kasuwar Hawandawaki, bai san maigari ba, bai taɓa taka ƙasar nan ba, amma ya fi dillaliyar unguwa sanin hanyar ɗakin uwar amarya. Cikin waya yake zaune. Shi ne mai tallar kayan ɗaki a WhatsApp da Facebook da TikTok, mai gadon nan da ake kunna wa fitila a allon kai, da kujerun salon masu ruwan zinari, da armuwar mai ƙofa shida da madubi tun daga sama har ƙasa.

Ni malami ne, kuma da iyaye da malamai ƴan uwana nake magana, domin mu ne masu biyan kuɗin, wasunmu kuma su ne masu ɗora hotunan.

Kafin mu zo gida, bari mu leƙa inda wannan sana'a ta ƙasaita, don mu gane abin da take sayarwa. A Amurka akwai kamfanin Wayfair, wanda wasu abokai biyu, Niraj Shah da Steve Conine, suka kafa a birnin Boston a 2002. Da teburan ɗora talabijin da kayan sauti suka fara. Suka yi ta buɗe shafuka a intanet, kowane da irin kayansa, har suka haura 200, sannan a 2011 suka haɗe su a ƙarƙashin suna ɗaya. A 2014 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta New York. A 2020, shekarar da korona ta kulle mutane a gida suna kallon tsofaffin kujerunsu, cinikinsa ya haura dala biliyan 14. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Kamfanin nan ba ya sassaƙa ko ƙafar kujera. Wasu ne ke ƙera kayan, shi aikinsa hoto da talla da kai kaya. Yana kashe sama da dala biliyan 1 a shekara wajen talla kaɗai, wajen kashi ɗaya cikin goma na cinikinsa. Duk da haka ribar da ya ci a 2020 ba ta kai dala miliyan 200 ba, a 2022 kuwa ya yi asarar fiye da biliyan 1, ya bi ma'aikata dubbai da sallama, kuma a Janairun 2025 ya tattara ya bar Jamus. A watan Mayun 2024 ya buɗe katafaren shago a kusa da Chicago, domin ashe mutum yana son ya zauna a kan kujera kafin ya biya.

Abin da na ɗauka a tarihin nan ɗaya ne. Gado ba gishiri ba ne da zai ƙare a sake saye mako mai zuwa. Wanda ke son sayar da gadaje da yawa sai ya fara sa mutane su raina wanda suke kwance a kai. Biliyan ɗin talla aikinta ke nan.

Wayfair ba ya kawo kaya Hawandawaki, Jumia da aka kafa a Legas a 2012 shi ma ba ya ƙwanƙwasa ƙofarmu. Dabarar ce ta iso ba tare da kamfanin ba. Wata a Kano ko Katsina ko Maraɗi ta ɗora hoton ɗaki, sau da yawa hoton wani shagon Turkiyya ko Sin ne da ita kanta ba ta taɓa gani da ido ba. Wata ta ɗauko ta ɗora a nata, da ƴar ribarta a sama. Uwar amarya ta gani a wayar ƴarta, a aika kafin alƙalami ta Nita ko Amana, ko a ba ɗan canji ya tura asusun Najeriya. Faɗuwar naira tun watan Yunin 2023 ta ƙara wa abin armashi, mai sefa a hannu yana ganin kamar banza ta faɗi. Ko lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, babu jami'in kwastan da ya iya tare hoto. Bambancin shi ne mai saye a Amurka yana da kwana 30 da zai iya mayar da yawancin kaya. Ita uwar amarya lambar waya kawai ta riƙe. In abin da ya sauko daga mota bai yi kama da hoton ba, biki saura kwana uku, wa za ta kai ƙara, a wace ƙasa?

Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. Za a ce kayan ɗaki ba almubazzaranci ba ne, dukiyar mace ce. Gaskiya ne. A ƙasar Hausa miji ke da ɗaki, mace ke da abin da ke cikinsa, kuma ranar da aure ya mutu da kayanta take fita. Jeren iyayenmu mata asusu ne. Daga ƙorai aka koma tasa, daga tasa aka koma kwanonin samira da ake jerawa har kusa da rufi. In shekara ta zo da fari, ko yaro ya kwanta ciwo, uwa ta sauko da seti ɗaya ta ba dillaliya, kafin la'asar ta dawo da kuɗi. Gadon ƙarfe kuwa uwa ta yi aure da shi, a sake masa fenti a kai ƴarta da shi. Akuyar da aka ba amarya takan haihu.

To a gaya mini, armuwar ɗin waya ta taɓa haihuwa? Yawancin kayan nan ba katako ba ne. Garin itace ne da aka kwaɓa da gam aka danne, aka liƙa masa leda mai sheƙi. An yi shi don ɗaki mai tayil da silin. A kawo shi ɗakin ƙasa, damina ɗaya rufi ya yi yoyo, gindinsa ya sha danshi ya kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi. Kusar da aka ɗaura sau ɗaya, in aka kwance ba ta sake kamawa. Tun daga bakin titi zuwa ƙauye a kan amalanke wani madubin yake tsagewa. Akwai ma gidajen da sai an fasa bakin ƙofa kafin kayan su shiga. Ranar da aka ce a kwashe kaya, Allah ya kiyaye, abin da zai isa gidan iyayenta tarkace ne, kuma babu dillaliyar da za ta taya. Mun karɓe wa yarinya asusu mun ba ta hoto. Duk mai kare kayan ɗaki da sunan dukiyar mace, shi ya kamata ya fi kowa jin haushin wannan canji.

Yanzu ga tambayar da ta shafi aji: daga ina kuɗin ke fitowa?

Uban da ke da gona ya jinginar da ita, ko ya ci bashin da zai biya da hatsi in kaka ta yi. Yayan amarya da ke bida a Legas ko Libiya ya sha kiran waya. Amma kaso mafi girma a wuyan uwa yake, kuma uwar da ke cikin gida hannunta a kasuwa ƴarta ce. Tun a shekarun 1970 wata mai bincike ƴar Amurka, Enid Schildkrout, ta yi nazari a Kano, ta nuna yadda tallar ƴan mata ke tara kuɗin kayan ɗakinsu, da yadda hakan ke karo da zuwa makaranta. Mu ba mu buƙatar littafi kafin mu san wannan. Ranar kasuwa ka kira suna, ka ƙirga wuraren ƴan mata da babu kowa. Suna can da farantin ƙosai, da awara, da dafaffen zogale. Duk ƙofar da aka ƙara wa armuwar, kwanaki ne aka cire daga karatun wata yarinya. Da can adashin shekara ɗaya yana iya fitar da uwa kunya. Yau ma'aunin kunyar ba ɗakin maƙwabciya ba ne, ɗakin wata ƴar attajiri ne da aka ɗauka a bidiyo a Abuja, kuma ƴan ganin ɗaki da wayoyinsu suke zuwa. Kafin magariba hoton ɗakin ya kai Mayahi da Damagaram, gorin kuma ya dawo ta hanyar da ya bi.

A ƙasar da UNICEF ke cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin shekara 18, kuma jihar Maraɗi tana cikin na gaba-gaba, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Gwamnati ta fitar da doka a Disamban 2017 don kare karatun ƴaƴa mata. Doka tana iya hana a cire yarinya daga lakwal. Ba ta iya hana ta zuwa aji da barci a ido bayan ta kai dare tana talla, har ta faɗi jarrabawa sau biyu, a ce ai ba ta da ƙwaƙwalwa, gara a yi mata aure. A takarda babu wanda ya cire ta. Ita ce wai ta kasa.

Wanda ke ganin na zuzuta, ya dubi Kano. A Oktoban 2023 gwamnatin jihar ta aurar da ma'aurata 1,800 a lokaci ɗaya, kuma babban abin da ta ɗauke wa iyaye shi ne gado da katifa da sauran kayan ɗaki. Jiha guda ta yarda cewa gado ne ke tsaye a ƙofar aure. Mu a nan babu mai saya mana, sai mu cire daga bakin ƙannen amarya.

Ga kuma inda abin ya fi ƙona mini rai. Ƙannen nan a ina suke zama? A rumfar kara da zana, a kan turɓaya ko buhun da suka ɗauko daga gida, kaye a kan gwiwa. Hukumomi da kansu sun ce irin waɗannan azuzuwa sun kai wajen 36,000 a faɗin Nijar. A watan Afrilun 2021 gobara ta kashe yara 20 a irin wannan aji a Yamai. A ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, wata ta tashi a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Gina aji haƙƙin gwamnati ne, ba zan sauke mata shi ba, kuma zan ci gaba da faɗa. Amma garin da ke iya shigo da salon mai ruwan zinari sau goma a kaka ɗaya, ba zai ce mini ya kasa haɗa kuɗin benci goma ba. Kafintan da zai yi bencin yana nan a Tasawa, yana zaune yana korar ƙuda, domin aikin gado da ya saba samu ya koma waya. Mai walda ma haka. Yaran da suke koya wa sana'a, namu ne da suka bar lakwal, su ma sun rasa abin yi sun bi hanyar bida.

Ba na cewa kafintocinmu waliyyai ne. Wani ya karɓi kuɗi ya ɓace har ranar kai amarya, wani ya kawo gado ƙafa ɗaya ta fi ƴar uwarta. Su ma suna da hannu a gudun da aka yi musu. Amma shi ka san gidansa, ka san ubansa, ana iya kiransa gaban maigari.

Sai mu, malamai. A ƙauye mu ne ake kallo, mu ne masu babbar waya, kuma ɗakin madam shi ne abin kwatance. Na san albashin ɗan kwantiragi ba ya kai ƙarshen wata, wani lokaci ma ba ya zuwa a kan kari, don haka ba na zagin wadda ta nemi na cefane ta hanyar saye da sayarwa. Amma akwai abin da bai dace ba. Malamar da ta rubuta sunan yarinya cikin marasa zuwa da safe, da dare ta tura wa uwar yarinyar hoton gado da farashinsa, ta ce ana iya biya kaɗan-kaɗan, ita ce ta aiki yarinyar talla. Kuma rukunin WhatsApp da aka buɗe don iyayen ɗalibai ba rumfar kasuwa ba ne. Wanda ya ɗora talla a ciki a cire saƙon, ko darakta ne.

Akwai wurin da za a yi wannan magana, kuma ba sabon wuri ba ne. Kowace lakwal tana da kwamitin COGES, da yawa kuma suna da ƙungiyar uwayen ɗalibai ta AME. Uwayen nan su ne masu adashi, su ne ƴan jere, su ne kuma masu gorin. In su goma sha biyar suka zauna suka ce a garinmu gado da katifa da akwati da kwanoni sun isa, kuma ba a ɗaukar ɗakin amarya a waya, babu uwar miji da za ta iya ɗaga murya ita kaɗai. Liman da maigari su shaida, kamar yadda ake shaida sadaki. Uba kuma ya daina cewa wannan harkar mata ce, tunda gonarsa ake jinginarwa.

Taron iyaye na farkon shekara yana tafe. Duk darakta ya zo da rijistar bara, ya ƙirga ranakun kasuwa, ya karanta wa uwaye adadin kwanakin da kowace yarinya ta rasa, suna bayan suna. A gefe kuma a kira kafinta ya faɗi kuɗin benci ɗaya a gaban kowa.