Me Ya Sa Ɗanladi Ke Zuwa Bayan Zubairu?

Masu karatu, duk wanda ya taɓa tsayawa ana kiran suna ya san jeri ba abin wasa ba ne. Wanda aka kira da hantsi ya karɓi haƙƙinsa ya koma gida, na wutsiya kuwa sai ya kai la'asar, har ma a ce masa ya dawo gobe. To, tun da yake yanzu kwamfuta ce ke jera sunaye a ofisoshi da makarantu, ya kamata mu san yadda take yanke hukuncin wane ne gaba.

Mu ɗauki Python, ɗaya daga cikin harsunan da ake ba kwamfuta umurni da su, wanda Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, ya fitar a 1991. Harshen yana da alamomin gwaji. Alamar == tana tambaya ko abu biyu daidai suke, < ko na hagu bai kai na dama ba, > kuwa ko ya fi shi. Amsa ba ta wuce i ko a'a, kuma da amsar < kaɗai, in an maimaita ta, yake jera sunaye dubu.

In lambobi ne babu gardama. Amma fa kalmomi, sai a gwada su harafi da harafi daga hagu, inda aka fara samun bambanci nan shari'a ta ƙare. Shi harafin kuma ba a san shi da komai ba sai lambar da tsarin Unicode ya ba shi: A tana da 65, Z tana da 90, ƙaramar a tana da 97. Watau akawun da ya rubuta "audu" da ƙaramin baƙi ya tura Audu bayan Zubairu ke nan. Haka nan in aka shigar da lambobi a matsayin rubutu, "10" ta riga "9", domin 1 aka fara dubawa.

Abin da ya fi damuna shi ne baƙaƙenmu masu lanƙwasa. A makaranta an koya mana ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, ƙ tana bin k. A Unicode kuwa Ɓ tana da 385, Ɗ 394, Ƙ 408, duk can nesa bayan Z. Saboda haka Ɗanladi da Ɗahiru suna faɗawa ƙarshen takarda, alhali sunan da ya fara da 'y, in an buga waƙafinsa da madannin da aka saba, yakan tsallake Abdu ya hau kai, don lambar alamar 39 ce. Shi ya sa wasu akawuna ke jefar da lanƙwasar don su huta, Ɗanladi ya zama Danladi. A ganina wannan kasala ce.

Python dai ya yi wani gyara a 2008, sa'ad da bugu na 3 ya daina yarda a tambaye shi ko lamba ta fi kalma. Yanzu sai ya tsaya ya ce an yi kuskure, maimakon ya ƙaga amsa kamar da. Sa'an nan ya bar wa mai tsara aiki ƙofa: umurnin sorted yana karɓar wani ma'auni mai suna key, inda mutum zai ba kowane harafi matsayinsa bisa jerin baƙaƙen Hausa. Aikin bai wuce layi kaɗan ba. Duk ma'aikatar da ke biyan a tsara mata rajistar sunaye, ta sa Ɗanladi da Zubairu a ciki ta ga wanda ya fara fitowa kafin ta biya kuɗin.