Mai tsaron kundin da ke cikin salularka

Kwanan baya a Sabon Maci, bisa hanyar Maraɗi zuwa Dakoro, na iske wani ɗan kasuwar hatsi yana aika kuɗin gero da wata tsohuwar salula mai fasasshen gilashi. Ya ce mini gadonta ya yi daga wansa, kuma ba ta taɓa ba shi kumya ba. Ita ce ta jawo zancenmu na yau.

Duk salula mai Android bisa tsarin Linux take tafiya. Zuciyar wannan tsari, wadda masana ke ce wa kanel, aikinta irin na mai tsaron magaza ne. Kowace manhaja ana ba ta lambobin ajiya na aro, har ta zaci magazar duka tata ce. Kanel ne ke riƙe da kundin da ke fassara lambar aro zuwa ainihin wurin ajiya, shafi-shafi, galibi kowane shafi bayit 4096. Don tattalin wuri, manhajoji da dama kan karanta shafi guda; wadda ta nemi yin rubutu kuwa, sai a kwafa mata nata, na asalin ya tsira.

To, nan ne ɓarakar ta ɓuya. In manhaja ta nemi rubutu da hannun dama, kuma cikin wannan ƙiftawar ido ta jefar da kwafinta da hannun hagu, ta yi ta maimaitawa ba fasawa, wata sa'a sai rubutun ya faɗa bisa shafin asali, wanda ba ta da izinin taɓawa. Ta haka bara ke ƙwace makullan maigida, ya shiga kowane ɗaki, har wanda asirin kuɗinka yake.

An raɗa wa kuskuren suna Dirty COW. Tun 2007 ƙofar take buɗe, ba a rufe ta ba sai a watan Oktoba na 2016, bayan da Phil Oester ya gano an bi ta nan an shiga wata na'urarsa. Linus Torvalds, mahaifin Linux, ya amsa cewa ya taɓa ɗinke wurin shekaru 11 kafin nan, amma aka warware ɗinkin don ya dagula wasu manyan injinan IBM. Gyaran ƙarshe ƴan layuka ne kawai: kanel ya riƙa tabbatar da cewa kwafin yana nan kafin ya bari a yi rubutu.

Abin da ya dame ni shi ne isowar gyaran. Google ta fitar da shi a ƙarshen 2016, amma sai kamfanin da ya ƙera salula ya miƙo shi, kuma masu arha da yawa ba su taɓa samu ba. A 2017 kamfanin Trend Micro ya ƙirga manhajojin ɓarayi fiye da 1200 masu bi ta wannan ƙofa.

Na karɓi salular abokin namu, na shiga Paramètres, na duba kwanan watan gyaran tsaro. An rubuta 2016, watan Maris. Buhu arba'in yake biya da ita a ranar.