Kalmar "Tarwani" da Haɗarin Gaggawa a Fassara

Harshen Luwiya tsohon harshe ne da aka yi magana da shi a kudanci da yammacin ƙasar da ake kira Turkiyya a yau, da kuma arewacin Siriya, har zuwa wajen shekara ta 700 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Ɗan'uwan harshen Hitiyawa ne. Masu magana da shi sun ƙare, sai rubuce-rubucen da suka bari a kan duwatsu da allunan yumɓu. Wani rubutu mai harshe biyu, wato Luwiyanci da Finikiyanci, da aka gano a Karatepe bayan binciken da aka fara a 1946, shi ya taimaka wa masana ƙwarai wajen karanta shi.

Duk da haka, akwai kalmomin da ma'anarsu ba ta tabbata ba. Ɗaya daga ciki ita ce "tarwani", laƙabin da wasu shugabanni suka yi wa kansu, kamar Yariri, wanda ya riƙe mulkin birnin Karkamish wajen shekara ta 800 kafin haihuwar Annabi Isa. Wasu masana sun fassara ta da "mai mulki", wasu da "alƙali", wasu kuma da "mai adalci". Har ila yau, akwai waɗanda suka danganta ta da kalmar Girkanci "turannos", wadda daga baya ta ɗauki ma'anar azzalumin shugaba.

Wannan saɓani ba ƙarami ba ne. Idan kalmar na nufin muƙami, to Yariri matsayinsa ya faɗa. Idan kuwa tana nufin adalci, to kansa yake yabo don ya halatta mulkinsa. Ke nan fassarar kalma guda tana iya sauya yadda za a fahimci tarihin mutum. Saboda haka, mafassarin da ya zaɓi ma'ana ɗaya ya ɓoye sauran ya tauye wa mai karatu haƙƙinsa. Kamannin furuci kuma ba hujja ba ne, domin kama da wane ba ta wane.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a tattara duk jimlolin da kalmar ta fito, a duba muhallinta, sa'annan a bayyana ra'ayi tare da matsayin ƙarfinsa. Malamin harshe da ya saba wa ɗalibansa da bambance tabbas da zato ya koya musu abin da ya fi ma'anar kalma ɗaya amfani.