RA'AYI: An bar jaki ana dukan taiki: Kwamfutar da hotonta ke ɗaukewa ana tsaka da wasa

A gidajen ma'aikata da dama a Abuja, daga Gwarimpa zuwa Kubwa da Lugbe, akwai kwamfutar tebur da aka saya da kuɗi masu kauri, ko dai domin aikin mai gida ko domin yaransa. Irin wannan kwamfuta takan yi wani ciwo mai ruɗarwa. Ana rubutu a kanta lafiya lau, ana kallon bidiyo ba wata tangarɗa, amma da zarar an shiga wasa mai nauyi, bayan minti goma ko ashirin, sai allon ya yi baƙi, ya nuna rubutun “No Signal”, alhali fankokin ciki na ta juyawa, wani lokaci ma sautin wasan na ci gaba da fitowa. Abin da akasarin mutane ke yi daga nan shi ne yanke hukunci nan take: allon ya mutu, ko katin hoto ya ƙone. Washegari an kama hanyar kasuwa.

Wannan gaggawar yanke hukunci ita ce matsalar da ta fi ciwon kansa tsada. Tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, farashin duk wani kayan kwamfuta da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne, katin hoto mai matsakaicin ƙarfi kuwa ya ninka wannan adadi sau da yawa. Duk wanda zai fitar da irin wannan kuɗi bisa zato kawai, ya kamata a ce masa ya dakata, domin sau da yawa abin da ya saya ba shi ne maganin ba, kuma bayan mako guda ciwon zai dawo a kan sabon kayan.

Ya kamata a fara fahimtar abin da saƙon nan ke faɗa. Allon ne ya rubuta shi da kansa, kuma ma'anarsa ita ce yana da wuta, yana aiki, amma babu hoton da ke iso masa. Allon da ya mutu ba ya iya rubuta komai. Ke nan wanda ake fara zargi shi ne ma ya kawo rahoton laifin. Dalilin da ya sa abin ke faruwa a lokacin wasa kuwa a fili yake: wasa ne ke sa katin hoto ya yi aiki da dukkan ƙarfinsa. Katin da ke shan wuta kaɗan idan ana rubutu, yana iya ninka hakan sau goma cikin ƙiftawar ido idan wasa ya kankama. Kamfanin Nvidia ya ƙayyade wa katin RTX 3060 wat 170, RTX 3080 wat 320, RTX 4090 kuwa wat 450. Duk wani rauni da ke ɓoye a cikin waya, ko wuta, ko sanyaya, a wannan lokaci yake bayyana. Ruwa ba ya tsami banza.

Bincike mai ma'ana yana farawa ne daga abin da ba ya cin ko kobo. A lokacin da hoton ya ɗauke, a danna maɓallin Caps Lock a duba ko fitilarsa tana kunnuwa tana mutuwa. Idan tana amsawa, kwamfutar na da rai, hoto ne kawai ya yanke. Sai a danna Windows da Ctrl da Shift da B a tare, wanda ke sa Windows ta sake tayar da manhajar da ke tuƙa katin hoto, wato direba. Idan hoton ya dawo, an sami bakin zaren. Idan fitilar ba ta amsawa, na'urar ce gaba ɗaya ta sandare, kuma hankali sai ya karkata ga wuta, ko zafi, ko ma'adanar wucin gadi ta RAM. Bayan haka a duba waya: shin ta zauna daram a raminta, kuma a jikin katin hoto aka soka ta ko a ramin babban faifan kwamfuta da ke sama? A ari wata wayar HDMI ko DisplayPort, a gwada wani rami, a haɗa kwamfutar da talabijin ɗin falo. Wayar da ba ta da inganci tana iya ɗaukar hoton aikin ofis, ta kasa idan wasa ya nemi a sabunta hoton sau 144 a daƙiƙa guda.

Kwamfuta tana rubuta tarihin ciwonta, sai dai ba kowa ke buɗe littafin ba. Windows na da tsarin da ke jiran katin hoto na daƙiƙa biyu. Idan bai amsa ba sai ta yi ƙoƙarin farfaɗo da shi, kuma takan rubuta hakan a kundin da ake kira Event Viewer da lamba 4101. Lamba 41 mai suna Kernel-Power kuwa tana nuna cewa na'urar ta mutu ne ba ta hanyar kashewar da aka saba ba. Waɗannan lambobi biyu kaɗai sun isa su raba hanya. Ta farko tana sa a goge direba tsaf, misali da manhajar DDU, a sauko da sabo daga shafin Nvidia ko AMD, a kuma mayar da duk wani ƙarin gudu da aka yi wa kati ko RAM yadda kamfani ya tsara. Ta biyu ba ta faɗin musabbabi da kanta, amma tana sa a kalli wuta da idon basira.

Batun zafi kuwa, mazaunin Abuja bai buƙatar a yi masa dogon bayani. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi, sannan zafin Maris da Afrilu ya zo ya tarar da na'urar a shaƙe. Manhajoji na kyauta irin su HWiNFO da GPU-Z suna nuna zafin kati a lokacin wasa, suna ma iya rubuta shi a fayil har zuwa daƙiƙar da hoton ya ɗauke. Katin da ke haura maki 85 zuwa 90 a ma'aunin Salshiyos ya zauna a can yana neman a busa masa ƙura, a sabunta man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarsa da ƙarfen sanyaya, a kuma fitar da kwamfutar daga lungun da aka cusa ta. Gwaji mafi sauƙi shi ne a buɗe murfin gefe, a juyo fankar ɗaki ta fuskance shi, a yi wasan. Idan matsalar ta kau, an gano mai laifi ba tare da kashe ko sisi ba.

Inda na fi son a tsaya shi ne kan wutar lantarki, domin a nan ne yanayinmu ya bambanta da na waɗanda suka ƙera kayan. A cikin kowace kwamfutar tebur akwai akwatin da ke karɓar wutar bango ya rarraba ta ga sassa. Shi ne abin da masu haɗa kwamfuta suka fi tsuke wa kuɗi, domin mai saye yana tambayar sunan katin hoto da girman RAM, ba ya tambayar akwatin wuta. Nvidia ta ba da shawarar akwati mai wat 550 ga RTX 3060, mai wat 750 ga RTX 3080, mai wat 850 ga RTX 4090. Akwati mara suna da aka rubuta wa 600 a jiki yana iya kasa ba da abin da aka rubuta, musamman idan ya tsufa ko ya yi zafi. Manyan katuna kuma sukan yi wata zuƙa ta ɗan lokaci da ke zarce adadin da aka ƙayyade musu, sai akwatin ya kare kansa ta hanyar yanke wuta. Har ila yau, kowace wayar wuta mai baki takwas an tsara bakinta ne ya ɗauki wat 150, saboda haka kati mai rami biyu ya fi samun natsuwa idan an ja masa waya biyu daban-daban daga akwatin. Ko a ƙasashen da wuta ba ta wasa, rashin zaunar da waya yana yin ɓarna: a ƙarshen 2022, lokacin da aka yi ta samun rahoton narkewar bakin wayar RTX 4090, kamfanin ya ce abin da ya fi yawa a binciken da ya yi shi ne ba a tura wayar ta shiga har ƙarshe ba.

Sai kuma abin da ke fitowa daga bango. Tun watan Afrilu na 2024 da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, da alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, gidaje da yawa har yanzu suna rayuwa ne tsakanin wutar gari da janareta da inbata. Idan na'urar sanyaya ɗaki ko famfon rijiyar burtsatse ya tashi a kan ƙaramin janareta, ƙarfin wuta yakan faɗi na ɗan lokaci. Kwamfutar da ke hutawa za ta jure, wadda ke tsaka da wasa ba lallai ta jure ba. Ƙaramar UPS da aka rubuta wa 650 a jiki, wadda ake gani a kusan kowane ofis, ba ta kai wat 400 a zahiri, don haka kwamfutar wasa ta fi ƙarfinta. Wasu inbatoci da UPS masu araha kuma wutar da suke bayarwa ba mai santsi ba ce, kuma akwatunan wuta na zamani ba duka ke jituwa da ita ba. Mai bincike sai ya lura: a kan wace wuta abin ke faruwa? Gargaɗi ɗaya a nan ba shi da sassauci: kada wanda ba gwani ba ya buɗe cikin akwatin wuta, domin yana riƙe caji mai iya kisa ko bayan an zare shi daga bango.

Za a iya cewa ma'aikacin da ya wuni a sakatariya ba shi da lokacin wannan bin diddigi, kuma ba kowa ne injiniya ba. Gaskiya ne, kuma gaskiya ne cewa wani lokaci katin ne ya lalace da gaske. Tun da tsarin Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙo kuɗin intanet a watan Satumba na 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin kayan hannu, kuma araha ba ta ado. Amma ko wanda ba zai taɓa sukurudireba ba yana da ikon yi wa mai gyara tambaya uku: Me ka gwada? Ka sa katina a wata kwamfutar ya yi irin wannan? Ka sa wani akwatin wuta a tawa ka gani? Mai gyara na ƙwarai yana da kayan gwaji a shagonsa, kuma ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Idan kuwa sabon kaya ne, a riƙe rasiti, domin Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta ba mai saye damar neman gyara, ko canji, ko mayar da kuɗi a kan kaya mai aibi, kuma hukumar FCCPC tana karɓar ƙorafi.

Wani zai ce ai wasa ne kawai, me ya kawo shi shafin ra'ayi? Katin da yaro ke wasa da shi, shi ne hadimin minista ke tace bidiyon taro da shi, shi ne mai zanen taswira da mai tsara gini a ma'aikatu ke dogara da shi. Ɗabi'ar kuma ɗaya ce. Duk wanda ya yi aiki a ofishin gwamnati ya san kusurwar da ake jibge kwamfutocin da aka ce sun mutu, ya kuma san yadda takardar neman sayen sababbi ke tafiya da sauri fiye da takardar neman gyara. A cikin wannan tsibi, nawa ne waya ce kawai ta saki, nawa ne akwatin wuta ne ya gaza? Kuɗin da ake kashewa a can na jama'a ne, kuma Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 an kafa ta ne a kan cewa kowace naira ta sayo abin da ya kai darajarta.

Saboda haka shawarata ga shugabannin sassan fasahar sadarwa a ma'aikatu da hukumomi ita ce kada a sa hannu a kan cewa na'ura ta mutu sai an haɗa da gajeren rahoto mai nuna abin da aka gwada da abin da aka gani. Ga mai gida kuma, kafin ya ɗauki katin banki, ya ba kwamfutar yamma guda: waya, direba, zafi, wuta, ɗaya bayan ɗaya, yana canza abu guda a kowane gwaji yana rubuta sakamakon. Idan bayan duk wannan katin ne ya tabbata mai laifi, sai ya saya da natsuwa, ya kuma fara tabbatar da cewa akwatin wutar da ke gidan zai iya ɗaukar sabon.