Chano Pozo, Makaɗin Havana

Masu karatu, a wannan wata za mu ƙetare teku zuwa tsibirin Kuba. A can aka haifi Chano Pozo a 1915, cikin unguwar talakawa ta birnin Havana. Yaro ne mai ƙiriniya, har sai da aka kai shi gidan horon yara. Amma in ya zauna da konga, wato doguwar gangar da ake bugawa da tafin hannu, sai unguwa ta taru.

Ya shiga ƙungiyar asiri ta Abakuwa, wadda bayin da aka kwasa daga wajajen Kalaba suka kafa a Kuba. Ashe wani sashe na kiɗansa daga nan Nijeriya ya tashi.

A 1947 Mario Bauzá ya haɗa shi da Dizzy Gillespie, shahararren mai busa ƙaho, a birnin New York. Chano ba ya jin Turanci, Dizzy kuwa ba ya jin Sifaniyanci, amma aiki bai tsaya ba. Da farko ma ganga da sauran kayan kiɗan ba su jitu ba, don kowa da irin lissafinsa. Sannu a hankali suka daidaita, suka tsara "Manteca", wadda har yau makaɗan jaz suke bugawa. A ganina, haƙurin da suka yi da juna ya fi gwanintar ban sha'awa.

Abin tausayi, tafiyar ba ta yi nisa ba. A Disamba 1948 rigima ta haɗa shi da wani mutum a wata mashaya ta Harlem, aka harbe shi. Shekarunsa 33. An mai da gawarsa Havana aka binne.