Husufin Nima da Inuwar Haumea

Da hantsin ranar 29 ga Maris, 2006, wata ya gitta tsakanin rana da ƙasa, duhu ya lulluɓe Accra na 'yan mintuna. Dattawan Nima da Maamobi ba su rasa sunan abin ba: husufi ne, har sallarsa akwai. Abin da ba kasafai ake gaya wa yaran waɗannan unguwanni ba shi ne, da irin wannan gittawar masana falaki suke auna curarrun ƙanƙara da duwatsu da ke kewaya rana can bayan Neftun, inda ko babban madubin hangen nesa ɗigo kawai yake gani.

Idan ɗaya daga cikin curarrun nan ya wuce ta gaban wani tauraro, sai hasken tauraron ya ɗauke na ɗan lokaci, inuwar kuma ta ratsa doron ƙasa. Masu lura sukan bazu a garuruwa dabam-dabam, kowa ya rubuta daƙiƙar da haske ya ɓace da wadda ya dawo. Da an haɗa shaidunsu, sai siffar abin ta fito. Wanda ya san yadda ake jiran sanarwar ofishin Babban Limamin Ghana, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, a daren duban watan azumi, ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin a can ma shaida daga wurare da yawa ake tarawa kafin a yanke hukunci.

Haka aka yi wa Haumea ranar 21 ga Janairu, 2017, daga wasu cibiyoyin Turai. Tun kafin nan an san tana juyawa a kan kanta cikin ƙasa da awa huɗu, saboda haskenta yana ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida. Wannan saurin ne ya miƙar da ita kamar ƙwai, har tsawonta ya haura kilomita 2,000. Husufin ya tabbatar da siffar, ya kuma tona abin da ba a zata ba: ashe tana da zobe. Watanninta biyu, Hi'iaka da Namaka, su suka ba da damar lissafa nauyinta, domin saurin kewayar wata yana nuna ƙarfin abin da ke riƙe da shi.

A nan ɗalibin Hausa zai yi tuntuɓe. "Haumea tana da watanni biyu": shekarunta ake nufi, ko abokan tafiyarta? A Hausa wata ɗaya ne, na sama da na lissafin kwanaki, kuma jam'in ya fi karkata ga na biyun. Haka "duniya", wadda take ɗaukar ƙasa da mutanenta da ruɗinta, ga shi yanzu ana so ta ɗauki Fuluto. Wasu kan kafa hujja da wannan su ce a bar wa Turanci fagen. Hujjar ba ta da ƙarfi. Harshen da ya raɗa wa taurari Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta, ya aro falaki da husufi daga Larabci ya mayar da su nasa, ba zai gaza faɗin "watan Haumea" ko "ƙaramar duniya" ba. Ruɗanin yakan gushe ne idan kunne ya saba.

Matsalar ita ce inda kunnen zai saba. Hausa ita ce harshen kasuwa da wa'azi a zangunan Accra, gidan rediyon GBC ma yana labarai da ita, amma ba ta cikin harsunan da gwamnatin Ghana ta ware don koyarwa a makarantu. Yaron Nima yakan koyi kimiyya da Turanci, ya koyi husufi a makaranta wurin malam, babu mai ce masa zance ɗaya ne.

Za a ce unguwar da ke fama da magudanar ruwa da rashin aikin yi ina ruwanta da ƙanƙarar bayan Neftun. To, a watan Agusta na 2018 masana na Senegal sun fita da madubai tare da takwarorinsu na Amurka da Faransa, suka tare inuwar Arrokoth, wanda kumbon New Horizons ya je ya ɗauko hotonsa ranar 1 ga Janairu, 2019, curi biyu manne da juna. A Ghana kuwa, tun 2017 aka ƙaddamar da faifan sauraron sararin sama mai faɗin mita 32 a Kuntunse, kusa da Accra. Malamin makaranta ɗaya da ɗalibin kimiyya ɗaya sun isa su kai aji can a mota guda, su yi bayanin da Hausa, su dawo Nima kafin la'asar.