Ra'ayi: Kafin a yabi sinadarin da ke kama hayaƙin masana'antu, a ga daɗewarsa

Duk buhun siminti da ya fito daga Malbaza, ko daga wata masana'anta a Sin ko Faransa, ya bar bashi a sararin sama. Sarrafa siminti ne ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar karbon, wato CO2, da ɗan Adam ke watsawa a duniya. Fiye da rabin wannan iska daga jikin dutsen farar ƙasa take fita lokacin da ake gasa shi, ba daga makamashi ba. Ke nan ko an koma ga lantarkin hasken rana, matsalar tana nan. Dole a tare iskar a bakin bututun hayaƙi.

Dabarar tarewar ba sabuwa ba ce. Tun 1930 aka san wanke hayaƙi da ruwan sinadarin amin. Yana kama iskar sosai, amma kafin ya sake ta sai an dafa shi zuwa zafin digiri 120, kuma dahuwar nan ke cinye makamashi da kuɗi.

Shi ya sa masana suka waiwayi jininmu. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani anzim, wato furotin mai gaggauta aikin sinadarai, da ake kira anidraz karbonik. An gano shi a farkon shekarun 1930. Ƙwaya ɗaya tasa na iya narkar da ƙwayoyin CO2 kusan miliyan ɗaya cikin ruwa a daƙiƙa guda. Idan aka zuba shi cikin ruwan karbonat na potasiyom, sinadarin da ke cikin ruwan tokar da iyayenmu ke tacewa, sai ruwan ya kama iskar da sauri, ya kuma sake ta da zafin da bai kai digiri 100 ba.

Sai dai anzim ɗan gata ne. An halicce shi don jiki mai zafin digiri 37, ba don hayaƙi mai ƙura da ƙibiritu ba. Zafi na yi masa abin da wuta ke yi wa farin ƙwai: ya sandare, ba ya komawa. In kuma an bar shi yana yawo cikin ruwa, zai bi ruwan har tukunyar dahuwa ya mutu.

Maganin da ake nema shi ne a ɗaure shi. Ana liƙa shi a jikin ƙwayoyin silika ko na roba, ko a kan garin ƙarfe da maganaɗisu ke iya janyowa, ko a kulle shi cikin ƴan ramukan da ke hana shi warwarewa. A 2022 masu bincike a jami'ar jihar Karolina ta Arewa a Amurka sun liƙa shi a kan yadin auduga suka yi matata. Ɗaurarren anzim ya fi jure zafi, kuma ana sake aiki da shi sau da yawa. Masana'antun abinci sun san haka: tun shekarun 1970 da ɗaurarren anzim suke yin ruwan sukari daga masara.

A nan, a ganina, lissafin yake. Anzim da ke mutuwa bayan kwana uku kayan ɗakin gwaji ne. Wanda ke wata shida yana aiki shi ne kayan kasuwa. Kuma ɗaurin na da nasa farashi, domin anzim da aka kulle sau da yawa saurinsa na raguwa, tunda iskar na wahalar isa gare shi.

Darasin Kanada ya isa a yi hattara. Kamfanin CO2 Solutions ya gina na'urar anzim mai kama tan 30 a rana a masana'antar ɓawon takarda ta garin Saint-Félicien, da nufin tura iskar zuwa wata rufaffiyar gonar kokwamba da ke maƙwabtaka. A 2019 bashi ya durƙusar da shi, kamfanin Saipem na Italiya ya saye fasahar. Kimiyya ta yi aiki, aljihu ya gaza.

Me ya shafe mu? Nijar na cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin fitar da wannan iska, amma mun ga ambaliyar 2024 da ta rusa tsohon masallacin Damagaram, kuma masana na cewa ɗumamar yanayi na ƙara wa irin wannan ruwa ƙarfi. Biranenmu kuma na girma, buƙatar siminti sai ƙaruwa.

Don haka binciken ya cancanci goyon baya, bisa sharaɗi uku. A auna shi da watannin da ya yi cikin hayaƙin gaske, ba sa'o'in ɗakin gwaji ba. A fara da siminti, inda babu wata mafita, kada ya zama hujjar ci gaba da ƙona kwal da man fetur. Sannan manyan masu gurɓata iska su biya kuɗin, su kuma faɗi inda za a adana abin da aka kama, domin kamawa rabin aiki ce.

Matasanmu masu karatun kimiyyar sinadarai a Yamai, Maraɗi da ƙetare su sa ido a kan wannan fage. Amma duk wanda ya zo mana da labarin cewa an gama da matsalar hayaƙi, a tuna masa: ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.